Tayar Babur Ta Tsere: Haɗin Roba, Ginin Ciki, Da Yadda Ake Aiki Da Ita A Fili

Babur ɗin MotoGP, babbar gasar tseren babur ta duniya, yana haura kilomita 350 a sa'a a miƙaƙƙiyar hanya; mahayi Brad Binder ya taɓa kai 366.1 a filin Mugello na Italiya a 2023. A kwana kuma babur yana kwantawa fiye da digiri 60, har gwiwar mahayi da gwiwar hannunsa su shafi kwalta. Duk ƙarfin nan, na birki da na totur da na kwana, ta wuri biyu kacal yake bi, inda roba ke taɓa ƙasa, kuma kowannensu bai wuce tafin hannu ba.

An ƙera tayar tsere ne domin ta yi aiki a cikin wani ɗan tsukin zafi. Idan ba ta kai shi ba santsi take yi, ta kuma yayyage. Idan ta wuce shi sai ta narke. Haɗin roba da ginin ciki da iskar da ka ɗura mata, dukkansu hanyoyi ne na kai ta wannan zafi da tsayar da ita a can.

Yadda roba take kama kwalta

Hanya biyu ce. Ta farko, kwalta ba sumul take ba, cike take da ƙananan tsakuwa da ramuka. Da taya ta hau kansu sai roba ta lotsa ta shige ramukan, amma ba nan take take komawa yadda take ba, tana ɗan jinkiri. Jinkirin nan ne ke sa ta riƙe tsakuwar, ƙarfin da ya tafi a ciki kuma zafi yake zama. Ke nan robar da ta fi kama ƙasa ita ce ta fi ɗora wa kanta zafi. Hanya ta biyu mannewa ce: ƙwayoyin roba suna liƙewa da fuskar dutse na ƙiftawar ido, su miƙe, su saki. Ruwa da ƙura da mai su ke kashe wannan, shi ya sa fili mai ƙura yake da santsi ko da taya ta ɗau zafi sosai.

Kowace irin roba tana da matakin sanyin da take sandarewa. Na robar itace yana can wajen digiri 70 ƙasa da sifili. Masu haɗa tayar tsere da gangan suke ɗaga wannan mataki ya matso kusa da sifili, domin jinkirin nan ya yi ƙarfi a zafin da taya ke aiki, daga digiri 80 zuwa sama da 100. Illarsa kuwa, a digiri 25 tayar titi mai kyau ta fi tayar tsere kama ƙasa nesa ba kusa ba.

Kayan da ke cikin haɗin

A masana'anta ana lissafin komai a kan kashi 100 na roba. Idan an ce abu kaza 5 ne, ana nufin kilo 5 a kan kowane kilo 100 na roba. Kamfanoni suna ɓoye ainihin awonsu, amma kayan sanannu ne.

Robar itace, wadda ake tatsa a Tailan da Indonesiya da Kodebuwa, har da jihohin Edo da Delta da Kuros Riba, tana da juriyar yagewa kuma ba ta saurin yin zafi, don haka ta fi yawa a gangar taya da gefenta. Fuskar tayar tsere kuwa yawanci SBR ce, robar da ake haɗawa daga sinadaran man fetur guda biyu, sitairin da butadayin. Ƙara kason sitairin yana ɗaga matakin sandarewa, riƙo ya ƙaru, taya kuma ta ƙara buƙatar zafi kafin ta fara aiki. Akan surka da robar BR, wato ta butadayin zalla, idan ana son rage cin taya da ƙara juriyar sanyi. Can ciki akwai siririyar shimfiɗa ta robar butil, ita ce ke tare iska a madadin tib.

Sai baƙin kabon. Gari ne da ake samu ta ƙona mai mai nauyi ba tare da isasshiyar iska ba, dangin kunkunniya ne sai dai an daidaita girman ƙwayarsa. Shi ke ba roba ƙarfi. In babu shi, taya ba za ta kai zagaye kaɗan ba ta gama ƙarewa. Masu ƙananan ƙwayoyi, irin su N110 da N220, su ake sa wa a fuskar taya saboda sun fi ƙara riƙo da zafi. Masu manyan ƙwayoyi, irin N660, na ganga ne. A haɗin tsere yakan kai kashi 80 zuwa 100 ko fiye, ya zarce na tayar titi.

Silika ta shahara ne bayan Michelin ya fito da ita a tayoyin mota a 1992. Ba ta haɗuwa da roba da kanta, sai an sa mata sinadarin sailen ya ƙulla su. Tana taimakawa a ruwa da sanyi, shi ya sa take da yawa a tayoyin ruwa da na wasanni da ake hawa titi da su. Tayar busasshen fili marar zane, wadda ake kira silik, ta fi karkata ga baƙin kabon.

Mai da ƙaro su ke sassauta haɗin da kabon ya taurara. Ƙaro yana kuma ƙara danƙo idan taya ta yi zafi. Ka riƙe waɗannan biyun a ranka, domin su ne ke ƙaura daga fuskar taya duk lokacin da ta yi zafi ta huce.

Na ƙarshe su ne kayan gashi. Farar wuta, kashi 1 zuwa 2 da rabi, ita ke ƙulla sarƙoƙin roba da juna idan an gasa. Wannan dabara ce Charles Goodyear ya yi wa rajista a 1844. Tana tafiya da zinkoksaid kashi 2 zuwa 5, da asid ɗin sitiyarik 1 zuwa 2, da sinadaran hanzarta gashi. Ƙulli ya yi yawa, roba ta yi tauri. Ya yi kaɗan, ta yi laushi ta riƙa miƙewa. Akwai kuma kaki da magungunan hana tsufa, masu kare roba daga iska da rana. Saboda haka idan ka ji an ce taya "mai laushi" ko "mai tauri", abubuwa huɗu ne suka haɗu: irin robar, yawan kabon, yawan mai da ƙaro, da yawan ƙulli. Mai laushin wani kamfani kan iya zama matsakaiciyar wani.

Ana kwaɓawa ne hawa biyu a injin Banbury. Da farko roba da kabon da mai, a zafin digiri 140 zuwa 160. A huce, sannan a zuba farar wuta a hawa na biyu, ba a barin zafi ya wuce wajen 110, in ba haka ba haɗin ya fara gasuwa tun a cikin inji, ya lalace. Daga nan a matso fuskar taya ta bakin inji, a shafe zarurruka da roba, a gina ɗanyar taya a kan ganga mai juyawa, a sa ta a tukunyar gashi a digiri 150 zuwa 180, wani balan-balan na roba yana tura ta daga ciki har ta ɗauki siffa.

Ginin ciki

Daga ciki zuwa waje: shimfiɗar butil, gangar zare, zoben wayar ƙarfe biyu da ke riƙe bakin rim, ɗan cikon roba mai tauri a saman kowane zobe, ɗamara, sannan fuska.

Tayoyin ƙananan babura irin su Boxer yawanci zarensu a gicciye yake, hawa bisa hawa. Gini ne mai ɗaukar kaya da jure ramuka, amma a babban gudu hawa-hawan suna gogar juna, zafi ya taru, taya ta kumbura. A ginin radiyal zaren yana tafiya kai tsaye daga zobe zuwa zobe, a digiri 90 da hanyar tafiya ko kusa da haka, sai gefe ya yi aikinsa daban, fuska ta yi nata daban. Michelin ya gwada shi a gasar tseren babur ta Grand Prix kafin ya kawo shi kasuwa a 1987, yau kuma duk tseren kwalta na manyan babura a kansa yake. Zaren kan zama rayon ko nailan ko foliyesta ko aramid. Ana son rayon domin zafi ba ya sa shi miƙewa sosai.

Ɗamara ita ce abin lura. A kilomita 300, juyawa tana ƙoƙarin jefa fuskar taya waje. Maganinsa shi ne a naɗe zare ɗaya dogo a kewayen taya, daidai da hanyar tafiya, ba mahaɗi. Pirelli da Metzeler sun yi suna da ta wayar ƙarfe. Dunlop yana da tasa da yake kira JLB. Ƙarfe yana riƙe siffa yana kuma rarraba zafi, aramid ya fi shi rashin nauyi. Ana iya matse naɗin a tsakiya a sassauta shi a kafaɗa, ta yadda tsakiya ta tsaya daram a gudu, kafaɗa kuma ta baje ta shimfiɗa roba da yawa a kwana.

Tayar gaba da ta baya aikinsu ba ɗaya ba ne. Ta gaba tana ɗaukar kusan duk nauyin babur a birki mai ƙarfi, don haka tana son ganga mai tauri da ba za ta durƙushe ba. Idan ta yi laushi, mahayi zai ce gaba yana "motsi" ko yana "naɗewa" yayin shiga kwana da birki. Ta baya tana son baje ƙasa lokacin buɗe totur. Siffa ma tana da tasiri: mai tsini tana faɗawa kwana da sauri, tana ba da faɗi idan an kwanta sosai, mai zagaye tana shiga a hankali, ta fi wa sabon mahayi sauƙi.

Filaye da yawa ba sa cin ɓangarorin taya daidai. Sachsenring na Jamus yana da kwana 10 na hagu, 3 na dama. Hagun taya yana dahuwa, dama na hucewa, sannan a faɗa kwana ta 11, ta dama mai gudu a gangara, da robar da ta jima ba ta taɓa ƙasa ba. An sha faɗuwa a wurin. Shi ya sa ake kai tayoyi masu haɗi biyu, hagu mai tauri, dama mai laushi. A Red Bull Ring na Ostiriya da Buriram na Tailan da Mandalika na Indonesiya kuwa Michelin ya saba kai wa MotoGP tayar baya mai ganga ta musamman mai jure zafi. Abin da ke faruwa idan lissafi ya kuskure an gan shi a tseren MotoGP na filin Phillip Island na Ostireliya a 2013: an shimfiɗa sabuwar kwalta, tayoyin baya na Bridgestone suka kasa jurewa, aka rage tseren zuwa zagaye 19, aka wajabta sauya babur a tsakiya, ba a yarda taya ta wuce zagaye 10 ba. Mahayi Marc Márquez ya zarce da zagaye ɗaya, aka fitar da shi.

Mataki na 1: girma da rim

A lambar girma da ke gefen taya, misali 120/70 R17, faɗi milimita 120 ne, tsayin gefe kashi 70 cikin ɗari na faɗin, R radiyal, 17 inci na rim. Faɗin rim ɗin gaba yawanci inci 3.5 ne. Na baya 5.5 yana tafiya da taya 180, 6.0 kuma da 190 ko 200. Idan ka matsa 200 a kan 5.5, taya za ta tsuke, siffarta ta canja, ka ƙare da ƙarancin roba a ƙasa, ba ƙari ba.

Sauya tsayin gefe ma ba ƙaramin abu ba ne. Gefen 180/55 milimita 99 ne, na 180/60 kuma 108. Bayan babur ya ɗaga da wajen milimita 9 ke nan, gaba ya ƙara saurin juyawa, giya ta ɗan tsawaita, na'urar hana zamewar taya kuma tana iya buƙatar sabon saiti. Duba tazara tsakanin taya da sarƙa da ƙarfen da ke riƙe ƙafar baya. Gaba da baya su zama na kamfani ɗaya, iri ɗaya, domin tare aka zana siffarsu.

Mataki na 2: zaɓen haɗi

Auna zafin kwalta, ba na iska ba. A rana kwalta takan fi iska zafi da digiri 15 zuwa 20 ko fiye. Sannan ka shafa ta da hannu ka ji kaushinta, ka san yawan zagayen da za a yi, ka kuma faɗa wa kanka gaskiya game da saurin mahayin. Wanda ba ya matsa wa taya ba zai iya riƙe zafi a haɗi mai tauri ba.

A tayar gaba ƙa'idar a miƙe take: sanyi, mai laushi, zafi da birki mai ƙarfi, mai tauri. A ta baya sai an yi hattara, domin ya danganta da kamfani. Pirelli, wanda ke ba gasar Superbike ta duniya taya tun 2004, yana jera haɗinsa SC0, SC1, SC2, SC3, daga laushi zuwa tauri, da SCX da SCQ masu laushi ƙwarai. A wurinsa SC0 ta baya ta kwalta mai zafi ce kuma mai sumul. Idan kwalta ta yi sanyi ko kaushi, SC1 ake komawa, domin mai laushin za ta yayyage. Mutane da yawa suna yin akasin haka, su sa mafi laushi da sanyin safiya, su lalata sabuwar taya kafin azahar. Nemi jadawalin kamfanin tayar da ke hannunka, kada ka ɗauko na wani ka ɗora mata.

Mataki na 3: ɗaurawa

Taya mai ɗumi ake ɗaurawa. Silik mai sanyi sosai tana iya tsagewa idan aka lanƙwasa ta. Wanke bakin rim, ka duba ko ya lotsa. Bi kibiyar juyawa da ke gefe: mahaɗin fuskar taya a karkace aka yanka shi, juya ta baya kan iya ɗaga shi, sai fa idan kamfanin ya ce ana iya juyawa. Idan akwai ɗigon fenti, ya zo daidai da bawul. A yi amfani da man ɗaura taya na ainihi, kaɗan, a bar shi ya bushe. Ruwan omo da mai faci ya saba da shi yana barin danshi a ciki, yana kuma iya sa taya ta zame a kan rim a birki ko totur. Ja layi da alli daga taya zuwa rim, bayan fita ta farko ka duba ko sun rabu. Wajen zaunar da baki kada iska ta wuce psi 40 a gejin auna iska. Idan bai zauna ba, a sauke, a sake shafawa. Bawul ya zama na ƙarfe, gajere ko mai lanƙwasa, da murfin ƙarfe mai roba a ciki, domin a babban gudu juyawa kan iya danne cibiyar bawul iska ta fita. A ƙarshe a daidaita nauyin ƙafar da dalma, a rufe dalmar da salatif mai ƙarfi saboda zafin bargo yana sakin gam.

Mataki na 4: bargon lantarki

Ɗaga babur a kan sanduna gaba da baya, ka naɗe kowace taya da bargonta, digiri 80 zuwa 90, na kusan sa'a ɗaya. Minti 20 fuska kawai yake ɗumamawa. Taɓa rim: idan bai yi ɗumi sosai ba, zafin bai ratsa ganga ba, kuma rim mai sanyi zai zuƙe zafin da zarar an fita. Idan ana iska, rufe ƙafar duka. Kada a kunna bargo ba a jikin taya ba, yana ƙonewa. Da an dawo daga fili a mayar da shi nan take, domin taya ta wuni da zafi ɗaya maimakon ta yi ta hawa da sauka. A cire shi daf da fita. Minti biyu na jira a iska yana cin zafi mai yawa.

Mataki na 5: iska

Bar ɗaya psi 14.5 ne. Babban babur a titi yakan ɗauki bar 2.5 gaba, 2.9 baya, a sanye. Kada ka kai waɗannan lambobi fili. Da silik irin na Pirelli, a zafi, gaba kan kasance tsakanin 2.2 da 2.5, baya 1.6 zuwa 1.8. Wasu tayoyin baya na Dunlop masu ganga mai tauri ana tafiya da su ƙasa da haka sosai. Gini ne ke yanke lambar: ganga mai tauri tana ɗaukar wani kaso na nauyin da iska za ta ɗauka.

A saita iska bayan taya ta gama sa'arta a bargo, a sake aunawa cikin minti ɗaya da dawowa. Duk digiri 10 na zafi yana ƙara wajen bar 0.1. Idan an dawo lambar ta sauka ƙasa da yadda aka fita, mahayi ba ya riƙe zafi. Idan ta hau da yawa, taya tana wahala. Danshi a cikin iska yana sa ta hau fiye da lissafi, don haka a tsiyaye tankin kwamfuresa, ko a yi amfani da busasshiyar iska ko naitirojin. Geji ɗaya amintacce za ka riƙe duk wuni. Geji biyu kan saɓa da psi 2, wanda a tayar baya ba wasa ba ne.

Rage iska yana faɗaɗa inda ke taɓa ƙasa, yana kuma sa ganga ta ƙara lanƙwasa, zafi ya hau. Idan ya yi yawa ganga tana iya rabuwa da fuska, shi ya sa MotoGP ta sa doka: daga 2024 iskar tayar gaba ba za ta yi ƙasa da bar 1.8 ba a kashi 60 cikin ɗari na zagayen babban tsere, wanda ya saɓa a ƙara masa daƙiƙa 16. Bin bayan wani babur yana ɗumama tayar gaba, iska ta hau. Tafiya kai kaɗai a gaba tana hucar da ita. A Buriram a 2025 Marc Márquez yana kan gaba ya sassauta da gangan, ya bar ƙanensa Álex ya wuce, ya bi bayansa har iskar tayarsa ta cika ƙa'ida, sannan ya sake ƙwace gaba.

Mataki na 6: zagayen farko

Birki mai ƙarfi da totur mai ƙarfi a tsaye su ke sa zafi a ganga. Karkaɗa babur hagu da dama ba ya yin komai sai jawo faɗuwa. Sabuwar taya a ƙara kwanciya kaɗan-kaɗan cikin zagaye ɗaya ko biyu, a kuma tuna ɓangaren da filin ba ya yawan amfani da shi.

Mataki na 7: karanta fuskar taya

Nan ne aikin yake. Tayar da ke aiki daidai fuskarta tana da ɗan kaushi iri ɗaya ko'ina, da ƙananan dunƙulen roba a can baki.

Yagewar sanyi tana fitowa ne a matsayin tsaga masu zurfi a kafaɗa, a inda ake buɗe totur, har kana iya cusa farce ƙarƙashinsu ka ɗaga. Fuska ta yi zafi farat ɗaya alhali abin da ke ƙarƙashinta da sanyi, sai ta ɓalle. Sababinta iska ta yi yawa, ko bargo bai yi aikinsa ba, ko haɗin bai dace da sanyin kwalta ba. Rage bar 0.1, ka tsawaita ɗumamawa. Idan ba ta gyaru ba, sauya haɗi.

Yagewar zafi ba ta da zurfi, farce ba ya shiga, roba kamar an share ta gefe tana narkewa, kuma ta fi faɗi. Iska ta yi kaɗan, duk tayar ta dahu. Ƙara bar 0.1, ko ka koma haɗi mai jure zafi. Su biyun suna kama da juna ga wanda bai saba ba, maganinsu kuma kishiyar juna ne, don haka ka haɗa abin da ido ya gani da abin da geji ya nuna kafin ka taɓa bawul.

Idan ƙananan naɗe-naɗen roba suka lulluɓe fuska, taya tana zamewa ne kafin ta yi zafi, mahayi kuma yana tafiya a kan ɓarɓashi. Wani lokaci suna sharewa da kansu bayan 'yan zagaye. Ƙuraje da ramukan da suka fashe daga ciki kuwa alama ce zafin ciki ya wuce kima. Cire tayar, kada a sake hawa. Launin shuɗi-shuɗi a kafaɗa mai ne ya taso bayan zafi. Shi kaɗai ba ya nufin ta mutu, amma yana nuna haɗin ya fara bushewa.

Ba kowace yagewa ce laifin iska ba. Idan tana zuwa tana ɓacewa a kewayen taya, ko faɗinta na hawa da sauka, duba shokozoba: ƙafar tana tsalle ne maimakon ta lafe a ƙasa. Sifirin mai tauri da yawa yana tura wa taya aikin da ba nata ba. Abu ɗaya ake canjawa a kowace fita, a rubuta zafin kwalta da iskar fita da ta dawowa da yawan zagaye. Wanda ya taɓa iska da shokozoba a lokaci guda ba zai san wanne ya yi aiki ba.

Idan an yi ruwa

Tayar ruwa tana da zane mai zurfi da haɗi mai laushi ƙwarai, mai silika da yawa, wanda ke aiki a ƙaramin zafi. Iskarta takan ɗan fi ta silik domin zanen ya zauna a buɗe. Bargo a sauke shi wajen digiri 40 zuwa 50. Da layin tsere ya fara bushewa sai ta dahu, ƙusoshin zanen su narke cikin 'yan zagaye. Shi ya sa za ka ga mahaya suna barin layi a miƙaƙƙiyar hanya suna neman inda ruwa ya kwanta.

Tsufa, ajiya, da tayar hannu

Duk zafi da hucewa ɗaya yana ƙara ƙullin farar wuta, yana kuma korar mai da ƙaro. Taya na iya zama da sauran nama amma riƙonta ya tafi. Silik tana da ƙananan ramuka a fuska domin auna abin da ya rage. Auna na kafaɗar da filin ya fi ci, ba na tsakiya ba. Lambobi huɗu da ke gefe su ne mako da shekara: 2324 na nufin mako na 23 na 2024. A ajiye taya a tsaye, a wuri mai duhu da sanyi-sanyi, nesa da fetur da janareta da injin walda da injinan lantarki, domin tartsatsinsu yana haifar da iskar ozon mai tsattsaga roba. Shagon kwano a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato yana tsufar da taya ko ba a hau ta ba.

Tayoyin da aka cire daga tsere sukan shigo kasuwar kayan hannu, masu manyan babura su saya saboda arha da kyan gani. Silik ba ta titi ba ce: ba za ta kai zafinta tsakanin danja da danja ba, ba ta da hanyar korar ruwa, kuma da sanyin hunturu da ƙurarsa ta fi kowace taya santsi. Ko mai zane ce, danna farce a kafaɗarta da tsakiyarta. Idan kafaɗa ta fi tauri, ko ta yi shuɗi da ƙyalli, ko akwai ƙananan tsaga a gindin zane, ta gama aiki. Leƙa cikinta da tocila ka nemi faci ko kumburi ko inda shimfiɗar ciki ta yi duhu da yamutsewa, alamar an taɓa tafiya da ita ba iska. Tayar da aka yi wa faci ba ta komawa filin tsere.